"Play", "Go" ko "Do"? Yadda Ake Zaɓar Aikatau da Sunan da Ya Dace a Turancin Wasanni da Motsa Jiki

Na taɓa ba ɗalibaina 'yan aji biyar na sakandare aikin rubuta labarin wasan ƙwallon da ba za su manta da shi ba. Wani yaro mai ƙoƙari ya kawo mini shafi biyu cur, rubutu tsaf kamar na inji. A tsakiyar shafin farko ya rubuta: "We won them two-zero and I played the penalty." Duk ajin sun gane abin da yake nufi, ni ma na gane, don jimlar Hausa ce zaune a kanmu gaba ɗaya: mun cinye su biyu ba ko ɗaya, ni na buga fenareti. Sai dai mai duba takardar WAEC ba zai yi masa wannan uzuri ba. Kurakurai biyu ne a layi guda, "won" da "played", kuma duka biyun aikatau ne.

Ba rashin ƙoƙari ya jawo masa ba. Mu a Hausa kalmomi ƙalilan ne ke ɗauke mana kayan fili gaba ɗaya. Ƙwallo wasa, dara wasa, zolaya ma wasa. Ana buga ƙwallo, a buga karta, a buga lido, a buga kwana. Ana cin wasa, a ci kofi, a ci ƙwallo, a cinye abokin karawa. Turanci kuwa ya rarraba wa kowane aiki nasa aikatau, kuma ba ya yarda a yi musanye. Saboda haka sanin sunan wasa kaɗai bai isa ba, sai ka san aikatau ɗin da ke tafiya da shi. Ga yadda nake bi da ɗalibaina.

Mataki na farko: da wa nake karawa?

Kafin ka buɗe baki, dubi wasan kansa. In akwai abokin karawa a gabanka, mutum ɗaya ne ko ƙungiya, kuma ana ƙirga ci har a san wanda ya yi nasara, to aikatau ɗinka "play" ne. Ƙwallon ƙafa "play football", ƙwallon kwando "play basketball", ƙwallon raga "play volleyball", ƙwallon hannu "play handball", ƙwallon tebur "play table tennis", ƙwallon gora "play hockey", zari-ruga "play rugby", ƙwallon dawaki irin wadda aka san Katsina da Kano da Kaduna da ita "play polo".

Wasu malamai kan taƙaita dokar su ce duk abin da ke da ƙwallo "play" ne. Ba su yi ƙarya ba, amma dokar ba ta ɗauke duka ba. Babu ƙwallo a karta, amma "play cards" ake cewa. Haka "play ludo", "play chess", "play draughts", "play badminton", har wasannin waya da na kwamfuta, "play video games". Abin da ya haɗa su shi ne karawa da dokoki da ƙirga ci.

Abu biyu za ka kiyaye a nan. Na farko, ba a sa "the" kafin sunan wasa. "I play football", ba "I play the football" ba. Da zarar ka sa "the" ka koma maganar ita ƙwallon da ake shura, kamar a "pass the ball". Kayan kiɗa ne ke ɗaukar "the", a ce "play the guitar", kuma na lura ɗalibai kan juya su, su cire inda ake so, su sa inda ba a so. Na biyu, "play ball" ɗin nan da muke faɗi a unguwa, in ka faɗa wa ɗan Amurka hankalinsa zai tafi ga "baseball", ko ya ɗauka kana nufin ba da haɗin kai, domin karin magana ne a wurinsu. A rubutu ka faɗi sunan wasan cikakke.

Mataki na biyu: tashi zan yi in tafi wani wuri?

Akwai ayyukan da za ka iya yi kai kaɗai ba da kowa kake gasa ba, kuma sai ka tashi ka bar inda kake. Sunayensu a Turanci suna ƙarewa da "-ing", aikatau ɗinsu kuma "go" ne: "go swimming", "go running", "go jogging", "go cycling", "go riding", "go fishing", "go hunting".

A wannan wurin Hausa taimakon ka take yi, in ka lura. Muna cewa ya tafi farauta, ya tafi su, sun tafi iyo, ba ma cusa komai tsakanin tafiyar da aikin. Turanci ma haka yake. "He went hunting", "they went swimming". Kuskuren da na fi gyarawa shi ne "go to swimming" da "go for jogging". Ƙira uku ce, kuma kowace da wurinta:

"Go" da aiki mai "-ing", babu komai a tsakani: "I go jogging every morning."

"Go for a" da suna, idan sau ɗaya kake nufi: "go for a run", "go for a walk", "go for a swim", "go for a ride". Wanda likita ya ce ya riƙa tattaki bayan sallar asuba, "he goes for a walk after the dawn prayer".

"Go to the" da wuri: "go to the gym", "go to the pool", "go to the stadium".

Ka kula da rubutun kalmomin. "Swim", "run" da "jog" suna ninka harafin ƙarshe: "swimming", "running", "jogging". "Ride", "cycle" da "hike" kuwa jefar da "e" suke yi ba tare da ninki ba: "riding", "cycling", "hiking". Wanda ya rubuta "ridding" ya bar maganar hawan doki ya koma maganar kawar da abu.

Tunda an zo kan doki, bari in tsaya kaɗan. Muna hawa doki, muna tuƙa keke, shi ya sa ake samun "I climbed a horse during Sallah" da "he is driving a bicycle". Doki da keke da babur da raƙumi duka "ride" ne, wato duk abin da ake ɗarewa a bayansa ƙafa nan ƙafa can. "Drive" na mota ne, "climb" na bishiya da dutse da tsani. Sai kuma "trek". A Turancinmu na Najeriya, wanda ya rasa kuɗin adaidaita ya taka daga Sabon Gari zuwa Kofar Nassarawa zai ce "I trekked". A wajen Bature "trekking" doguwar tafiya ce ta kwanaki cikin duwatsu ko daji. Taka sayyadar cikin gari "walk" ce kawai.

Mataki na uku: horon jiki ne ko dabarun faɗa?

In babu ƙwallo, kuma ba tafiya wani wuri ba ce, horar da jiki ne ko koyon kare kai, to "do" za ka ɗauka: "do judo", "do karate", "do taekwondo", "do yoga", "do aerobics", "do gymnastics", "do athletics". Abdoulrazak Issoufou Alfaga, ɗan Nijar da ya ciyo azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016, "does taekwondo". Ba a cewa "he plays taekwondo", ko da yake akwai abokin karawa ana kuma ƙirga maki. A faɗa ba a amfani da "play".

A gidan motsa jiki "do" ne sarki. "Do press-ups", "do sit-ups", "do squats". In za ka faɗi adadi, adadin ya shiga tsakani: "I did twenty press-ups." Maimaici ɗaya "rep" ne, jerin maimaici kafin hutu "set" ne, sai ka ji mai horarwa ya ce "do three sets of ten reps", wato goma-goma sau uku. Amma ɗaga ƙarfe "lift weights" ne, tsallen igiya "skip", miƙa jijiyoyi "stretch", ɗumama jiki kafin a fara "warm up".

Kalmar "exercise" ita kanta tana da tarko. Motsa jiki a dunƙule ba ya ɗaukar jam'i: "I need more exercise." In kana nufin motsi iri-iri da ake ƙirgawa, sai ka ce "these exercises are good for the back". Ana cewa "do exercise" ko "get some exercise", ko kawai "I exercise". "Make exercise" babu shi sam. Haka "training" da "equipment", ba a ƙara musu "s". Atisaye uku a mako "three training sessions a week" ne. A ɗaya gefen kuma "athletics", "gymnastics" da "aerobics" sun ƙare da "s" amma tilo ne: "athletics is my favourite sport". "Work out" kalma biyu aikatau ne, "workout" a haɗe suna ne.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa waɗanda suka shigo Turanci ta ƙofar Faransanci suna da nasu tuntuɓen daban. A Faransanci "faire" ke ɗaukar ninƙaya da keke da judo duka, sai mutum ya maida su "do" gaba ɗaya, ya ce "I do bicycle". Sannan "footing" da ake faɗi a Yamai, duk da kamarsa da Turanci, Bature ba ya kiran sassarfa da shi, "jogging" yake cewa. "Basket" ma sai an cika shi "basketball", in ba haka ba kwando ne kawai.

Mataki na huɗu: ka san masu taurin kai

Kowace doka tana da 'yan tawaye. Dambe irin na Turawa "boxing" ne, ya ƙare da "-ing", amma ba a saba cewa "go boxing" ba. A ce "he boxes" ko "he does boxing". Kokawa ma haka, "he wrestles". Ƙwallon lambu na karɓar biyu, "play golf" da "go golfing". Ana iya jin ɗan makaranta a Ingila ya ce "we do swimming on Thursdays", yana nufin darasi ne a jadawalinsu, don haka kada ka ɗauka duk "do swimming" kuskure ne, wurinsa ne ƙanƙane.

In ka rikice tsakiyar magana, akwai mafita mai sauƙi: yi amfani da aikatau ɗin kai tsaye. "I swim", "I run", "I cycle". Ba za ka taɓa kuskure da wannan ba.

Guje-guje da tsalle-tsalle kuwa kowane fanni da nasa, kuma a nan "the" ta dawo: "run the 100 metres", "do the long jump", "do the high jump", "throw the javelin", "throw the discus". Shiga gasa "compete in" ko "take part in". Chioma Ajunwa "won gold in the long jump" a Atlanta a 1996. Tobi Amusan "set a world record" na daƙiƙa 12.12 a tseren mita 100 na tsallake shinge a 2022. Kafa tarihi "set" ne, karya na wani "break", riƙe shi "hold".

Mataki na biyar: Turancin wa kake yi?

Makarantunmu da jarrabawarmu na Ingila suke bi, fina-finai da YouTube kuma sun cika mana kunne da na Amurka. Duka biyun daidai ne, amma ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa a rubutu guda, kuma ka san wa ke saurarenka.

Babban misali shi ne "football". A Ingila da Najeriya da Gana tamaula ce. A Amurka wani wasa ne daban, mai ƙwallo dogo kamar ƙwai, 'yan wasa sanye da hular kwano, yawanci ma da hannu ake yin sa. Tamaularmu "soccer" suke ce mata. Abin dariyar shi ne ita kalmar "soccer" a Ingila aka ƙirƙire ta. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a 1863, aka kira wasan da ke bin dokokinta "association football" don a bambanta shi da zari-ruga, daga baya ɗalibai suka gutsure "association" ta koma "soccer". Saboda haka in kana cike takardar neman gurbin karatu a Amurka, "I play soccer" za ka rubuta, in ba haka ba su ɗauka wani abu kake nufi.

"Hockey" ma haka: a wurinmu da Ingila a kan ciyawa ake yi, a Amurka da Kanada in an ce "hockey" na kan ƙanƙara ake nufi, namu sai an ce "field hockey". Guje-guje da tsalle-tsalle "athletics" ne a Ingila, "track and field" a Amurka. "Draughts" na Ingila shi ne "checkers" na Amurka, kuma ka lura da rubutunsa, don da yawa "draft" suke rubutawa saboda yadda ake furta shi. "Press-ups" da "push-ups" abu ɗaya ne, haka "star jumps" da "jumping jacks", haka "skipping" da "jumping rope". Kambas ɗin da muke sawa "trainers" ne a Ingila, "sneakers" a Amurka. "Canvas" sunan yadi ne kawai. "Ping-pong" suna ne da aka yi wa rajistar kasuwanci, a hira ba laifi, amma in kana maganar Aruna Quadri, wanda ya kai wasan kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik ta 2016, "table tennis player" za ka ce. Sannan a Turancin Ingila aikatau "practise" ne da "s", suna kuma "practice" da "c". Amurkawa da "c" suke rubuta duka.

Mataki na shida: raba "ci" gida uku

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ɗalibina ya faɗi. Abin da ka samu ka tafi da shi, wasa ne ko kofi ko lamba ko gasa, "win" ne. Mutumin ko ƙungiyar da ka kayar, "beat" ne. Ƙwallon da ka zura a raga, "score" ne. Ka tambayi kanka: abin da ya biyo bayan aikatau ɗin, ɗaukarsa zan yi in kai gida, ko barinsa zan yi a fili yana cizon yatsa? Na farko "win", na biyu "beat".

Dubi Atlanta 1996: "Nigeria beat Brazil 4-3 in the semi-final, beat Argentina 3-2 in the final, and won the gold medal." An doke Brazil, an doke Ajantina, an ci zinare. Kano Pillars "won the league" a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. "Beat" ba ya sauya kama a shuɗaɗɗen lokaci, babu wani "beated". Kuma kada ka ji tsoron kalmar don tana nufin duka, ai mu ma doke da lallasa muke cewa, ba wanda ya ɗauka sanda aka sa.

Shan kaye "lose to" ne idan ƙungiya ce ta biyo baya: "Nigeria lost to Croatia." Harafin "o" ɗaya ne, "loose" mai biyu sako-sako yake nufi. Canjaras "draw with", shuɗaɗɗensa "drew": "Nigeria drew 0-0 with Iran in 2014." Amurkawa "tie" suka fi faɗi. Wurin karanta sakamako, babu ci a ƙwallon ƙafa "nil" ne a Ingila, "two-nil", a tanis kuma "love", "fifteen-love".

Wasan Najeriya da Aislan a gasar cin kofin duniya ta 2018 ya isa darasi shi kaɗai. "Ahmed Musa scored twice. Iceland missed a penalty. Nigeria won 2-0." Ba a cewa "he scored them", sai "he scored against them". Ƙungiyar da aka zura wa "conceded two goals". Duk bugun da ake ajiye ƙwallo a yi, "take" ne: "take a penalty", "take a corner", "take a free kick", har jifa, "take a throw-in". In ya fita waje "miss", in gola ya tare "save". Da wannan jimlar ɗalibina ta zama: "We beat them two-nil and I took the penalty." Da na tambaye shi ko ya ci fenaretin, ya ce ƙwarai, sai muka ƙara gyara ta zuwa "I scored from the penalty spot", tunda "took" bai nuna ta shiga ko ba ta shiga ba.

Sai ƙananan kalmomin da ke bin "play". Mun yi wasa da su, a Hausa, na iya nufin tare muke ko kuma da su muka kara, yanayin hira ke bambantawa. Turanci ya raba. "Play with" abokan da kuke gefe ɗaya, "play against" waɗanda kuka kara da su, ko ma a bar shi haka nan, "Pillars play Enyimba on Sunday". "Play for" ƙungiyar da kake buga wa. Gurbi kuma "play in goal", "in defence", "in midfield", "on the wing", "up front". Wanda ke gidan kallo yana ihu, shi "he supports Arsenal" ko "he is an Arsenal fan". "I am Arsenal" fassarar ni ɗan Arsenal ne ce da aka yi wa gajeriyar hanya.

Mataki na bakwai: fili, alƙali da kayan aiki

Mu fili ɗaya muka sani, alƙalin wasa ma ɗaya. A Turanci ƙwallon ƙafa da zari-ruga da kurket da ƙwallon gora a "pitch" ake yi, ko "field" a Amurka. Tanis da ƙwallon kwando da ta raga a "court". Ƙwallon lambu a "course", gudu a "track", dambe a "ring", ninƙaya a "pool". "Stadium" ginin ne gaba ɗaya da kujerun 'yan kallo, kamar filin wasa na Sani Abacha a Kano ko na Ahmadu Bello a Kaduna. Kangon unguwa mai turke biyu ba "stadium" ba ne komai son da kuke masa.

Alƙali a ƙwallon ƙafa da ta kwando da dambe "referee" ne, a tanis da kurket "umpire". Mai tuta a gefen layi tun 1996 sunansa a hukumance "assistant referee", ko da yake "linesman" na nan a bakin mutane. Abin bugu: "racket" na tanis da badminton, "bat" na kurket da ƙwallon tebur, "club" na ƙwallon lambu, "stick" na ƙwallon gora, "mallet" na ƙwallon dawaki, "cue" na sunuka. Su kansu masu yi, "footballer", "boxer", "wrestler", "swimmer", "golfer", amma mai keke "cyclist" ne, kuma "tennis player" ake cewa, babu "tenniser".

Mataki na takwas: duba kafin ka rubuta, kuma ka ajiye su bibbiyu

In ka ci karo da sabon wasa, buɗe ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge da ke intanet kyauta, ka nemi sunan wasan. Kada ka tsaya a ma'anar, gangara zuwa jimlolin misali, a nan aikatau ɗin ke fitowa. Sannan ka samu ƙaramin littafi ka riƙa rubuta su a haɗe. Kada ka rubuta "judo" shi kaɗai, rubuta "do judo". Kada ka rubuta "corner", rubuta "take a corner". Duk ranar da aka yi babban wasa, karanta rahoton BBC na Hausa da na Turanci a kan wasa ɗaya, ka ga inda Hausa ta ce "ci" me Turanci ya sa. Daga nan ka rubuta layi biyar da kanka a kan wasan. Wata guda a haka ya fi haddar shafi ashirin.

Mataki na tara: wasanninmu na gida

Shawarata a nan ita ce ka bar wa wasa sunansa, ka zaɓa masa aikatau bisa matakan da suka gabata, sannan ka ƙara gajeren bayani. Japanawa ba su fassara judo ba, duniya ce ta koyi kalmar. Ban ga dalilin da za mu ji kunyar langa ba.

Inda akwai takwara ta gaskiya, yi amfani da ita. 'Yar ɓuya "play hide-and-seek", 'yar gala-gala "play hopscotch", sukuwa "horse racing". Carafke ta yi kama da "jacks", za ka iya cewa "a game like jacks, played with small stones". Amma dara ta gargajiya, mai gurabe biyar sau shida a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu yana neman jera uku, ba "draughts" ba ce, wasa ne daban da dokoki daban. Rubuta "play dara, a Hausa board game". Langa ƙungiya ce ke karawa da ƙungiya, don haka "play langa, a team game in which players hop on one leg". Hawan sallah an riga an san shi da "durbar", mahayi kuma "rides in the durbar". Wanda ya shiga ruwa da homa a Argungu "takes part in the fishing festival", ba "goes fishing" kawai ba, don wancan na mai ƙugiya ne a bakin gulbi.

Kokawa "traditional wrestling" ce, gasar takobi ta Nijar kuwa za ka ce "he won the National Sabre", kuma wanda ya kayar "he threw his opponent". Dambe faɗa ne, saboda haka "play dambe" bai zauna ba. Ka ce "he is a dambe fighter", "he fights for Kudu", wato ɗan damben ɓangaren Kudu ne, karo ɗaya kuma "a bout", turmi "a round". Hannun da aka ɗaure da zare "the wrapped fist", in ka so ka ƙara cewa muna kiran sa mashi, ɗayan kuma garkuwa, "the spear and the shield", wannan fassarar tana tafiya lafiya lau.

Wadda ba ta tafiya ita ce kisa. A gidan dambe in an ce wane ya kashe wane, an san ya kai shi ƙasa ne, anjima za a ga wanda aka kashe ya tashi yana karkaɗe ƙura. Wani ɗalibina ya taɓa rubuta wa abokinsa na waje a Facebook, ƙarƙashin bidiyon wani karo, "he killed three men this week", sai ga mutumin a ruɗe yana tambaya ko an kama shi. "He knocked him down" za ka ce, in kuma ya suma ne, "he knocked him out". Idan turmi uku suka ƙare babu kisa aka raba su, "the bout ended in a draw".